Garmar Ɗan Fari

Kajin gidan Baƙo sun fi kajin kowa shan magana a duk ƙasar Kafur. Ba wani wayo gare su ba, kaji ne kamar na kowa, masu tone shanya da kutsa kai cikin ƙwarya. Abin da ya jawo musu shi ne Marka, matar Baƙo, da su take magana duk lokacin da take son ɗanta na fari ya ji wani abu.

"Ku kaji," sai ta ce, idonta a ƙasa, "ga tuwo can bakin rumbu. Mai jin yunwa ya ɗauka tun bai huce ba."

Sai Mati, ɗan farin nata, ya tashi ya je ya ɗauka. Kaji kuma su bi shi da kallo, don su ba a taɓa ba su ko loma ba.

Ba ƙiyayya ba ce, al'ada ce, kuma kowa ya san ta. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yabonsa, ba ta shiga faɗansa ko da a gabanta ake cin zalinsa. Musulmin cikin gari ma suna yi, amma Maguzawan Gidan Ƙanya sun riƙe abin da hannu biyu. Macen da aka ji ta ambaci ɗanta na fari, to ta ba mata abin waƙa a bakin turmi har shekara ta zagayo. Abin da ke rage wa yaro zafi shi ne uwar ubansa takan ɗauke shi tun daga yaye, ta yi masa duk abin da mahaifiyarsa ta hana kanta. Mati ma haka ya samu. Tsohuwa, uwar Baƙo, ta goya shi, ta shagwaɓa shi, tana ce masa mijinta. Sai wata damina zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta ga sabuwar dawa ba.

Yaron ya dawo wurin uwarsa yana da kamar shekara takwas, ya tarar da gida cike da mutane amma babu mai kiransa. Uban ma "kai" yake ce masa. Ƙannensa kuwa ana kiran sunansu safe da yamma, har da zagin nan mai daɗi da uwa ke yi wa ɗan da take so. Shi sai saƙo ta bakin kaji. Yaro bai san al'ada ba, abin da ya sani kawai an daina kiransa. Sai ya rage magana, daga nan ya koma amsawa da ka, kafin wata daminar yaran unguwa sun laƙaba masa Bebe.

Marka tana gani, kuma abin yana cin ta ƙwarai. To amma me za ta yi? Da sassafe tana rijiya, da hantsi tana gona tare da maza, don matan Maguzawa ba a ɗaki suke zaune ba, hauya suke riƙewa kamar kowa. Da yamma ga daka, ga itace, ga dahuwar giya in kasuwa ta matso. Gajiyar jiki takan kwanta da ita ta tashi da ita. Ta zuciya kuwa ba ta da wanda za ta faɗa wa.

Shekarar da aka buɗe makarantar firamare a Rafin Tukurwa, dagaci ya aiko kowace unguwa ta kawo yara. Babu manomin da zai ba da yaro mai amfani. Baƙo ya duba gidansa, ya ga wanda rashinsa ba zai rage komai ba.

"Ku tahi da wanga," ya ce wa manzon dagaci. "In sun iya sa shi magana, sun yi aiki."

Malamin makarantar, Malam Isyaku, mutumin Funtuwa ne, siriri, mai yawan tari, da wani keke wanda facin tayarsa ya fi tayar yawa. Ya zo da zafin aiki, ƙauye ya sauke masa shi a hankali. Azuzuwa biyu ne na laka, rufi yana yoyo. Da damina yara suna gona, da kaka suna tsinkar auduga, in rani ya yi kuma iyaye su ce ai yanzu ne lokacin biki. Ya gaji da bin gida-gida, ya gaji da roƙon alli, ya gaji da koya wa yaro baƙi yau gobe ya dawo kamar an wanke masa kai da sabulu. Amma akwai abu ɗaya da bai taɓa gajiya da shi ba, kiran suna da safe.

Ranar farko ya kira, "Mati Baƙo."

Shiru. Yara suka fashe da dariya. "Malam, Bebe ne. Ba ya magana."

"Nan babu Bebe," in ji Malam. "Mati Baƙo."

Yaron ya waiga bayansa ya ga ko da wani ake. Malam bai ɗauki bulala ba, bai daka tsawa ba, ya ɗan jira, ya wuce suna na gaba. Kashegari ma haka. Ya kuma ba shi aikin buga ƙararrawa, wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a dalbejiya, don in yaro ba zai yi magana ba, a ƙalla ya saba a ji motsinsa. Watanni suka shuɗe a haka. Wata safiya Malam ya kira sunan, ya buɗe baki zai wuce, sai ga wata murya a dishe daga bayan aji.

"Na'am."

Malam Isyaku bai ɗaga kai ba. Ya san in ya nuna murna yaron zai koma cikin ƙwaryarsa. Ya kira na gaba kamar ba abin da ya faru, sai dai tari ya sarƙe shi, ya fita waje ya ɗan daɗe.

Daga nan abin ya yi ta tsirowa sannu-sannu. Mati ya fara karanta baƙi a allo da murya ƙasa-ƙasa, ya fara tambaya, ya fara faɗa da yara a kan ƙwallon tsumma, wanda Malam ya ɗauka ci gaba ne ba ƙarami ba. Da suka shiga aji uku, Malam ya ƙirƙiro muhawara duk ran Alhamis a gindin dalbejiya. Noma da kiwo wanne ya fi, rani da damina, gari da ƙauye. Doka ɗaya ya kafa, kuma har yara suka gaji da jin ta.

"Kafin ka faɗi naka, faɗi na abokin gardamarka tukun. Ka faɗe shi da kyau har ka ga ya gyaɗa kai. In ya ji ka gane damuwarsa, sannan zai ba ka kunnensa."

Wata Alhamis aka ba Mati ya kare jaki a kan keke. Ya miƙe, ya lissafa duk alherin keke, saurinsa da rashin cin harawa, har yaron da ke kare keke ya gyaɗa kai. Sannan ya nuna keken Malam da ke jingine, ya ce shi dai bai taɓa ganin an kifar da jaki a bakin hanya ana yi masa faci ba. Aji ya kece da dariya, Malam ya yi ta yi har da hawaye. Ranar ce Mati ya gane cewa zai iya buɗe baki mutane su saurara, kuma ƙasa ba za ta tsage ba.

A gida kuwa yana nan yadda yake. In ya shigo zaure sai ya ajiye bakinsa tare da jakar littafi. Sai dai da yamma yakan zagaya bayan rumbu ya karanta darasinsa da ƙarfi, don Malam ya ce a riƙa yi. A nan Marka ta fara jin muryar ɗanta bayan shekaru, ta ji har ta fara kauri ba ta sani ba. Daga ranar, tsintar wake ba ta yiwuwa sai a gefen rumbun nan. Takan zauna ta ba shi baya, faifai a cinya, hannu ba ya motsi.

"Ku kaji, ku yi wa mutane shiru," takan ce, ko da kajin ba su ce komai ba.

A shekararsa ta huɗu a makaranta, wato alif ɗari tara da sittin da huɗu, gidan Baƙo ya girgiza. Mudi, ƙanen Baƙo, wanda shi ne ƙarfin gandu, ya ɗaure kayansa ya bi jirgi daga Funtuwa zuwa Kaduna, wai masaƙa na ɗaukar ma'aikata. Gandu kuwa shi ne gonar gida, wadda kowa ke nomawa a ƙarƙashin maigida, daga ita ake cika rumbu, daga ita kowa ke ci. In namiji ɗaya ya fita, ba magana ba ce ta kewa, magana ce ta tuwo. Ga shi bayan Baƙo ya fara ba shi wahala, in ya sunkuya sai ya dafa gwiwa kafin ya miƙe. Daminar nan da ƙyar aka kai, ciyawa ta cinye kusan rabin gonar dawa ta bakin rafi.

Da aka fara tsinkar auduga, Baƙo ya je kasuwar Kafur ya dawo da sabuwar garma a kafaɗa. Bai ce wa kowa komai ba, ya jingina ta a bakin rumbu. Ba sai an yi bayani ba. In uba ya sayo wa ɗa garma, yarinta ta ƙare, ɗan ya shiga sahun maza a gandu. Mati ya dawo daga makaranta ya gan ta, baƙin ƙarfe mai faɗi da ƙota sabuwa fara, ya tsaya yana kallonta har jakar ta zame daga kafaɗarsa.

A makon nan kuma Malam Isyaku ya turo kekensa har Gidan Ƙanya da albishir. Mati ya ci jarrabawa, an ba shi wuri a makarantar siniya firamare ta kwana a Malumfashi, za a fara bayan sabuwar shekarar Nasara. A duk ajin su biyu ne kawai suka samu.

Baƙo ya shimfiɗa masa buzu, ya sa aka kawo masa ruwa, don ya san Malam ba ya shan abin da su suke sha. Ya saurare shi har ƙarshe.

"Malam, ka yi aiki, aradu ka yi aiki," ya ce. "Na ba ku yaro ba baki, an ce yanzun har gardama yakan yi. Na gode. To aro na ba ku, kun gyara, sai a maido min abina."

"Maigida, shekara uku ce kawai. In ya gama zai iya zama malamin gona, ko malamin asibiti."

"Shekara ukun mi za mu ci? Takarda?" Baƙo ya nuna rumbu da haɓa. "Ka ga wancan? Bara ya cika har wuya. Bana sai yaro ya shiga ciki kafin ya taɓa dawa."

Malam ya je wurin dagaci. Dagaci ya ce shi yara aka ce ya tara, kuma ya tara, abin da ya wuce nan tsakanin uba da ɗa ne. Malam ya koma wurin Baƙo karo na biyu, ya sha ruwa, ya sha godiya, ya tashi hannu wofi. A hanyar komawa ya ratsa ta gonar auduga, ya hangi Marka da wasu mata suna tsinka, kowace da zane ɗaure a ƙugu tana cusawa. Shi ma Bahaushe ne, uwarsa har ta mutu ba ta kira sunan yayansa ba, ya san abin da zai yi ba a yi. Amma dabara ta ƙare masa.

"Sannu da aiki, Inna," ya ce. "Don Allah ki sa baki a maganar yaron nan. Ke ce uwa. In kika yi magana Maigida zai ji."

Matan suka tsaya cak, wata ta rufe baki da hannu. Marka ba ta juyo ba.

"Wane yaro?" ta ce. "Ni ban san wanda kake faɗi ba, Malam. Ka tambayi masu shi."

Ta ci gaba da tsinka, da sauri fiye da da, har ƙwanson auduga ya yanke ta a yatsa ba ta kula ba. Malam ya ba da haƙuri ya juya. Ko da ya iso hanya tayar baya ta sace, sai ya kama tura keken. Mati, wanda ya ji komai daga ɗaya gefen gonar, ya biyo shi ya karɓi turin.

Suka ɗan taɓa tafiya. Can Malam ya tsaya ya yi tari, ya share baki.

"Na gaji, Mati," ya ce. "Wallahi na gaji. Na je wurin dagaci, na je wurin babanka sau biyu, yau har na yi abin da bai kamata ba. Ba ni da sauran ƙofar da zan ƙwanƙwasa."

"To shi ke nan, Malam."

"Ba shi ke nan ba. Akwai wanda bai yi magana ba tukun."

Mati ya dube shi. "Ni? Malam, ban taɓa ce wa Baba komai ba in ba 'to' ba."

"Kai kana son tafiyar, ko ni kaɗai ke so?"

Yaron ya daɗe yana kallon ƙararrawar keken. "Ina so," ya ce. "Ina so har ba na iya cin tuwo."

"To wanda ya kare jaki a gaban aji ai ba zai kasa kare kansa ba. Ka san dokar."

Mati ya kwana biyu yana juya abin. Sau da dama yakan nufi uban, ƙafa ta kai shi wani wuri dabam. Ran nan da la'asar, an dawo daga gona, Baƙo yana zaune a kan turmi kife da ƙwaryar giyarsa, Marka tana gefe tana sussukar dawa kaɗan ta tuwon dare, ƙananan yara suna wasa a ƙasa. Mati ya zo ya durƙusa a gaban uban. Ya ja numfashi yadda aka koya masa.

"Baba, ina da magana."

Taɓarya ta tsaya a hannun Marka, sannan ta ci gaba a hankali. Baƙo ya sauke ƙwarya daga baki, ya dubi yaron kamar yau ya fara ganinsa.

"Faɗi."

"Baba Mudi ya tahi, ba wanda ya maye shi. Bayanka na ciwo, ina gani in za ka miƙe. Gonar bakin rafi ciyawa ta cinye ta, rumbu bai cika ba, ƙannena kuma ba su isa noma ba. In na tahi Malumfashi, baɗi sai ta fi bana wuya. Kuma kana tsoron in na yi karatu in yi irin ta Baba Mudi, in tahi birni in manta hanya."

Baƙo bai so ba, amma kansa ya gyaɗu. Duk abin da ke hana shi barci ne yaron ya jera masa, har da na ƙarshen, wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba.

"To tunda ka sani, mi ya rage?"

"Abin da ya rage, ina son in tahi." Ya gyara durƙuso. "Kafin a kai ni makaranta ni ba kowa ba ne a gidan nan, Baba, kai ma ka sani, shi ya sa ka ba da ni. Can aka kira ni har na amsa. Abin da suka fara bai ƙare ba. In ka ce in zauna zan zauna, zan riƙe garma, ba zan gudu ba. Amma ina roƙo ka bar ni. Duk hutu ina nan, zan yi noma har ka ce ya isa. Kuma ba zan manta hanya ba."

Baƙo ya daɗe yana jujjuya ƙwarya a hannu. Ya ji daɗi, wannan ba ɓoyo, ɗan da ya bayar kyauta ne yake magana kamar dattijo. Amma jin daɗi ba ya cire ciyawa.

"Ka yi magana," ya ce. "Ban san kana da ita ba. To amma ka amsa min guda. Ruwa in ya sauka ba ya tambayar yaushe 'yan makaranta ke hutu. Noman fari da huɗa, kana Malumfashi. Wancan ƙarfe," ya nuna garmar, "wa zai riƙe shi?"

A muhawarar ran Alhamis kullum akwai amsa. Wannan ba ta da ita. Ya sunkuyar da kai, ya ji ƙwalla na taruwa, ya ce a ransa shi ke nan, a ƙalla ya faɗa.

Sai Marka ta jingina taɓarya. Ta kaɗe hannu a zane, ta taka zuwa bakin rumbu ba ta dubi kowa ba. Ta ɗaga garmar da hannu biyu, ta auna nauyinta, ta gwada saran ƙasa sau ɗaya. Kaji suka watse, suka sake taruwa a kan ƙasar da ta tono.

"Ku kaji, kun ga aikin maƙerin Kafur?" ta ce. "Ya yi ƙota gajera. Wagga ba ta namiji ba ce, daidai hannuna ya yi ta."

Ƙotar ba gajera ba ce, kowa na gani. Baƙo ya ajiye ƙwarya.

"Ke, mace da garma? A gandun Baƙo? Ga hauyarki, ga daka, ga ruwa. So kike ki mutu, ko so kike a yi ta yi da ni a kasuwa?"

"Shekarar da ubana ya kwanta, uwata ta riƙe garma," in ji Marka, har yanzu da kajin take. "Ba ta mutu ba sai da ajalinta ya yi. Masu magana kuma ba su taɓa kawo mata tuwo ba. Ni dai garma na gani ta yi min, ban san zancen da ake yi ba."

Ta ɗauke ta, ta shige ɗakinta da ita, ta fito ta koma kan sussuka.

Babu wanda zai ce Marka ta yi wa ɗanta na fari roƙo. Ba ta ambace shi ba, ba ta dube shi ba, ba ta ce a bar shi ya tafi ba. Baƙo ya dubi ƙofar ɗakin, ya dubi bayan matarsa wanda tun ba garma ya fara ranƙwafawa, ya dubi yaron da ke durƙushe. Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo.

"Kai," ya ce, "tashi ka je ka gaya wa Malam ya daina wahal da kekenshi."

Ranar tafiya da hantsi Malam Isyaku ya zo ya ɗaure akwatin kwano a bayan keke, za su taka har babbar hanya su tari motar Malumfashi. Baƙo ya raka su zaure, ya ce a kula, ya koma ciki da sauri. Ƙannen suka bi su har bakin rijiya. Marka ba ta gida. Tun da safe ta ɗauki zanenta ta tafi tsinkar ƙarshe, don uwa ba ta rakiyar ɗan fari, balle a ga idonta ya yi ja.

Hanyar kuwa ta gefen gonar ta bi. Mati ya hange ta ita kaɗai a tsakiyar karan auduga, ta ba hanya baya. Ya ce wa Malam ya yi gaba zai cim masa. Ya tsaya a bakin gona. Yanzu yana da bakin da zai iya ce mata komai, ya kuwa tanadi magana mai yawa. Amma ya san in ya kira ta, ko ya sa ta juyo, ya rushe mata abin da ta sha wahalar riƙewa tun ranar da ta haife shi. Nan ba kaji, sai wata tsohuwar ɗorawa a bakin hanya. Ya fuskanci ɗorawar.

"Ke ɗorawa," ya ce da ƙarfi, "mai tafiya ya tahi. Ya ga abin da aka yi mishi. In hutu ya yi, zai zo ya karɓi garmarshi."

Hannun Marka ya tsaya a kan ƙwanso. Ba ta juyo ba.

"Ke auduga," ta ce, "a gaya wa mai tafiya akwai ƙuli-ƙuli a ƙasan akwati, cikin tsumma. Kada ya rabar duka ran farko. Kuma in an kira shi can, ya amsa da ƙarfi."

Ta ji takunsa yana nisa, ta ji ƙarar akwatin a bayan keke har ta daina ji. Sannan ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta dubi hanya. Babu kowa a gonar, ko tsuntsu. Sunan ya taso mata tun daga ciki har ya iso bayan haƙora, ta ji ɗanɗanonsa. Ta haɗiye shi yadda ta saba, ta sunkuya ta ci gaba da tsinka. Akwai sauran rabin gona, ga daka na jira, garma kuma tana ɗaki har ruwan farko ya sauka.